Sauya wa Tsohon Wasan Barkwanci Zamani: Ƙiyasi a Kan Jatau Na Kyallu a Ƙauyukan Arewacin Kano

Gabatarwa

 

Mas'alar da nake so in gabatar ita ce wadda takan taso wa duk malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo da ya ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin wasanninmu na ban dariya domin ya nuna wa jama'ar yau, wato ko ya bar wasan a zamanin da aka rubuta shi, da fam da sule da ɗan doka da alƙalin En'e, ko kuwa ya ɗauke shi ya kai shi wani zamani dabam wanda marubucin bai gani ba. Na zaɓi in gina bahasin a kan Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, na kuma zaɓi in auna shi da idon manoman Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir, saboda wasa ba ya cika wasa sai da masu kallo, kuma masu kallo na kowane wuri da abin da ke ba su dariya. Abin da nake neman tabbatarwa shi ne, sauya wa wasa zamani yana halatta da sharaɗin dalilin dariyar ya bi shi zuwa sabon zamanin, kuma idan aka yi wannan awo da adalci, shekarun 1973 zuwa 1976 sun fi dacewa da wannan wasa a wannan yanki bisa ga 1960 da aka buga shi, sun kuma fi zamanin da muke ciki.

Wasan da zamaninsa

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa ya faro ne a hannun malaman makaranta da ma'aikatan hukumar talifi ta Zariya. R. M. East ya fitar da wasanni shida a shekarun 1930, Abubakar Tunau ya biyo da Wasan Marafa a 1949, sannan Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, bayan jama'a sun riga sun saba da irin wasanninsa ta gidan rediyon Kaduna. Jigon wasan sananne ne: mutum mai hali, Malam Jatau, ya ruɗu da karuwa mai suna Kyallu, ya toshe kunnensa ga nasiha ya aure ta, daga nan gida ya watse, dukiya ta zube, har rigima ta kai su gaban shari'a.

Duniyar da wannan labari ya tsiro a cikinta tana da ginshiƙai waɗanda duk mai sauraro na wancan lokaci ya san su ba tare da an faɗa masa ba. Kuɗinta fam ne mai sule 20, kowane sule kwabo 12, ga sisi ga taro ga anini a ƙarƙashinsu. Arzikinta gyaɗa ce, wadda ta zama hajar fita waje tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, har aka riƙa tara buhunanta dala dala a bakin tasha. Hukumarta kuwa En'e ce, mai kotunanta da 'yan dokarta da gidan yarinta, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Labari kuma da ƙafa yake tafiya, ta bakin yaron gida ko dillaliya ko 'yar talla, don haka miji yana iya ɓoye wa matansa da ke cikin kulle abin da duk kasuwa ta sani, kuma a cikin wannan tazara tsakanin zaure da cikin gida ne mafi yawan dariyar irin waɗannan wasanni take kwance.

Masu kallo da ƙasarsu

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, musamman ta arewa, masana labarin ƙasa sun daɗe da lura da ita saboda cunkoson jama'arta, kuma Michael Mortimore da J. Wilson sun wallafa nazari a kanta a 1965. Ƙasa ce wadda gona ke jingine da gona, ba a barin saura ta huta, ana noma fili ɗaya shekara da shekaru ta hanyar zuba masa taki, har a wancan lokaci jakuna sukan kai itace birni su komo da mangalar shara da toka. Gawo da kuka da ɗorawa suna tsaye a tsakiyar gero da dawa da wake, kowace bishiya da mai ita. Idan uba ya rasu aka raba gado bisa ƙa'idar fara'ili, gandu yakan tsattsage ya zama ƙananan gonaki, wanda nasa bai ishe shi ba ya shiga ƙodago da damina, ya tafi cin rani bayan kaka.

Wannan hali yana da tasiri kai tsaye a kan yadda ake kallon wasa. Ɗan birni idan ya ga Jatau ya tsiyace yakan ɗauka cewa kasuwa ce, yau gare ka gobe ga waninka, mai yiwuwa ne ya sake samun jari; amma manomin Makoɗa ya san cewa akwai asarar da ba ta da mayarwa, ita ce ta gona, domin wanda ya jinginar da gonar gado ya kasa fansa, ko ya sayar da ita a gaban mai unguwa da shaidu, ba shi da dajin da zai je ya sare ya yi sabuwa. Saboda haka duk wanda zai kawo wannan wasa yankin nan, wajibi ne ya fassara dukiyar Jatau zuwa ma'aunin da jama'a suke auna mutum da shi, wato gona da rumbu da shanun huɗa, in ba haka ba za su kalli faɗuwarsa kamar labarin wata ƙasa.

Magabata a wannan aiki

Kada a ɗauka cewa ɗauke wasa daga zamaninsa bidi'a ce ta 'yan yau. A ƙasar Masar, Muhammad Usman Jalal ya ɗauki wasan Molière na Faransa mai suna Tartuffe, wanda aka fara nunawa a 1664, ya mayar da shi al-Shaikh Matluf a 1873, ya sa munafukin ya zama shehin Alƙahira mai magana da Larabcin kasuwa. A nan Nijeriya, Femi Osofisan ya ɗauko wasan Gogol na Rasha na 1836, game da baƙon da ma'aikatan wani gari suka zaci sufeton gwamnati ne, ya dasa shi a wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Yarabawa a 1978, kamar yadda Wole Soyinka ya yi a Opera Wonyosi a 1977 da wani wasan Ingila na 1728. A namu adabin, Abubakar Imam ya yi irin wannan aiki a zube cikin Magana Jari Ce, inda ya tattaro labaran Larabawa da na Indiya da na Turai ya sa musu rawani da babbar riga, yayin da Ibrahim Yaro Yahaya ya bi ɗaya hanyar a Daren Sha Biyu na 1971, ya fassara wasan Shakespeare zuwa Hausa.

Amma hujja mafi kusa da mu tana cikin ƙauyukan da muke magana a kansu. A wasan kalankuwa, wanda samari da 'yan mata suke yi bayan an kai amfanin gona gida, akan naɗa sarki da alƙali da sauran masu muƙami na wasa, a yi shari'a a ci tara cikin raha, kuma muƙaman nan suna bin zamani: da Turawa suka zo sai aka samu Gwamna da Di'o da likita a cikin wasan. Haka tashe, wanda yara suke farawa daga goma ga watan azumi, yana riƙe da tsofaffin wasanni irin su Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani da Mairama da Daudu, alhali kowace shekara ba a rasa sabon abin da aka cusa a ciki. Wato Bahaushen karkara ya daɗe da sanin cewa ƙashin bayan wasa daban, tufafinsa daban, ya kuma san wanne ake taɓawa.

Ƙa'idar ƙiyasi

Domin a samu ma'auni tabbatacce, ina ganin ya kyautu mu ari hanyar malaman usulul fiƙhi. Sun ce ƙiyasi yana da rukunai huɗu: asali, da reshe, da hukunci, da illa, wato dalilin da ya sa aka yi hukuncin, kuma ba a ɗaukar hukuncin asali a ɗora wa reshe sai an tabbatar illar tana cikinsu duka biyu, in ba haka ba ƙiyasin ya ɓaci. Shihabuddin al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya yi bayani mai tsawo cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana juyawa idan al'adar ta juya, kuma bai kamata mufti ya ba baƙo fatawa da al'adar garinsa shi muftin ba, sai ya tambayi al'adar garin mai tambaya.

Idan muka ɗora wannan a kan wasa, asali shi ne zamanin marubuci, reshe shi ne zamanin da ake so a kai wasan, hukunci shi ne dariyar da ake so a yi da darasin da ke bayanta, illa kuwa ita ce halin rayuwar da ya sa abin ya zama abin dariya. A Jatau Na Kyallu illar, a fahimtata, ta haɗa abu uku. Na farko, kuɗi ne da suka zo wa mutum da yawa har suka fi ƙarfin hankalinsa. Na biyu, sirri ne da zai iya daɗewa a ɓoye tsakanin waje da cikin gida. Na uku, hukuma ce guda ɗaya sananniya wadda kowa ya san can za a ƙare, kuma kowa ya san fuskarta. Duk zamanin da ya tara waɗannan uku, wasan zai zauna a cikinsa daram. Wanda ya rasa ɗaya, sai an yi wa labarin gyara mai yawa har ya kusa fita daga hannun mai shi.

Zamani uku a kan ma'auni

Mu fara da barin wasan a 1960. Illar tana nan cikakkiya, tun da can ne asalinta, sai dai masu kallo sun yi nisa da ita. Akasarin waɗanda za su taru a filin makaranta matasa ne da ba su taɓa riƙe sule ba, kuma idan ɗan wasa ya ambaci fam 50 cikin alfahari, babu wanda zai girgiza, domin ba su san buhu nawa na gero wannan yake saye ba. Dattawan da suka sani kuwa, rigar ɗan doka ba abin dariya kaɗai take tuna musu ba. Tana tuna musu da haraji da jangali, waɗanda sai a 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano, tana kuma tuna musu da ɗauri da bulalar da 'yan NEPU suka sha tun kafa jam'iyyar a 1950. Mai shirya wasan da ya zaci tsohon zamani ado ne kawai na rawani da alkyabba zai tarar ya taɓo miki bai sani ba.

Sai kawo shi zamanin yau, wanda shi ne abin da ƙungiyoyin matasa suka fi saurin yi, musamman waɗanda suka tashi da kallon finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro. Abu na farko na illar bai ɓace ba, domin har yanzu mutum yakan kwana talaka ya tashi mai kuɗi ta hanyar siyasa, ko ta sayen hatsi da kaka a ɓoye a kai kasuwar Dawanau idan ya yi tsada. Amma abu na biyu ya rushe, saboda wayar hannu ta shiga har ƙuryar ɗaki, kuma abin da Jatau ya yi da hantsi hotonsa zai riski uwargida kafin azahar, ta yadda duk fitowar da aka gina a kan ɗan aike da raɗa da laɓewa a bayan zana za ta zama abin da hankali ba ya karɓa. Abu na uku ma ya rarrabu: tun da Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 aka kuma kafa Hukumar Hisbah a 2003, irin zaman da Kyallu take yi a fili ba ya yiwuwa a ƙauye yadda yake a da, kuma rigimar aure tana iya ƙarewa a ofishin Hisbah ko wurin 'yan sanda ko kotun shari'a ko zauren dagaci. Ƙari a kan haka, wasan da aka sa a yau nan da nan yake zama habaici ga rayayyu. A yankin da aka kafa masarautar Bichi a 2019 aka kuma rushe ta a 2024, ko irin naɗin rawanin da ɗan wasa ya yi yana iya zama magana, sai jama'a su bar kallon Jatau su koma lissafin wa ake nufi.

Saura zamani na uku, wato tsakiyar shekarun 1970, kuma a nan ne nake ganin ƙiyasi ya inganta. A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, mutanen karkara kuwa suka ci gaba da lissafi da tsohon suna shekaru da yawa. A shekarar nan fari ya tsananta a Arewa, a 1975 kuma cuta ta kashe gyaɗa, har sana'ar da ta gina dala ta durƙushe. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur suka kwararo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975 haɗe da bashin watannin baya, Gwamna Audu Bako yana ta gina madatsun ruwa da hanyoyi, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya buɗe ƙofar kwangilar gina azuzuwa a kowace gunduma. Ga kuɗin da suka zo ba zato, a gefe guda ga maƙwabcin da ke sayar da gona don ya ci. Babu waya a ƙauye, sirri yana iya kwana. Kotun yanki ta gaji kotun En'e tun ƙarshen shekarun 1960, amma alƙalin yana nan da rawaninsa da muhutinsa da masinjansa. Abubuwan nan uku na illar sun cika. Sannan zamani ne da ya yi nisan da ba za a ce da wane ake ba, bai kuma yi nisan da za a rasa mai tuna shi ba, domin duk wanda ya haura shekara sittin a wurin shaida ne.

Yadda za a tsara shi a fili

A wannan tsari Jatau zai zama manomi mai ɗan hali wanda ya samu kwangilar gina aji biyu, ya sayi babur da rediyo mai kaset da agogon hannun da yake ɗaga hannun riga domin a gani. Wurin wasa filin makarantar firamare ne, bayan kaka, tsakanin la'asar da magariba, a kafa zana biyu: ɗaya zaure, ɗaya cikin gida, yadda masu kallo za su riƙa ganin ɓangarorin biyu a lokaci guda, su san abin da matan gida ba su sani ba. Dattawa a kan tabarmi a gaba, mata a gefe guda, yara a bayansu. Ɗakin amarya ba ya bukatar komai sai jeren kwalla da langa da gado mai rumfa, duk macen da ta yi aure a wancan lokaci za ta gane shi tun kafin a yi magana.

Ga misalin fitowa guda da mai shiryawa zai iya ƙarawa domin ya ɗaure labarin da ƙasa. Wani tsoho da fari ya ci rumbunsa ya zo sayar wa Jatau gona a gaban mai unguwa. Jatau ya zaro sababbin takardu ya ce, "Baba, ga naira ɗari." Tsoho ya juya su, ya dubi mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini da Hausa, fam nawa ke nan?" Aka ce masa hamsin. Ya ce, "To ina sauran hamsin ɗin?" Jama'a za su yi dariya, amma amfanin fitowar yana can gaba, lokacin da Kyallu ta gama da kuɗin kwangila, aji bai kai linta ba, Jatau ya dawo zauren nan ya durƙusa a inda tsohon ya durƙusa, yana sayar da gonar ubansa. A nan manomi zai gane girman faɗuwar ba tare da wani ya tsaya yi masa wa'azi ba.

Akwai amana biyu da ya wajaba a kiyaye. Ta farko ga marubuci: a nemi izinin masu haƙƙin littafin, a kuma sanar a bainar jama'a tun kafin a fara cewa wasan Shu'aibu Maƙarfi ne aka sauya wa zamani, kada a jingina masa abin da bai rubuta ba. Ta biyu ga masu kallo: yunwar 1973 ta taɓa gidajen da 'ya'yansu ke zaune a wurin, don haka dariya ta tsaya a kan mai kuɗin da ya ruɗe, kada ta gangaro kan wanda ya sayar da gona don dole, haka kuma kada a bar Kyallu ta zama sandar dukan zawarawa, alhali wanda ya rusa gidan da hannunsa shi ne maigidan.

Kammalawa

Abin da wannan bahasi ya nuna shi ne, tambayar da ta kamaci mai shirya wasa ita ce mene ne ya sa mutanen farko suka yi dariya, sannan a wane zamani ne wannan dalili yake a raye ga mutanen da ke gabansa. Amsar za ta bambanta daga wasa zuwa wasa: wanda dariyarsa ta dogara ga rowa ko kishi ko son girma yana iya shiga kowane zamani, wanda kuwa ya dogara ga jinkirin labari ko ga wata hukuma ta musamman sai an zaɓa masa wuri da lura. Ina ba da shawara ga sassan Hausa na manyan makarantunmu, musamman Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi wadda take zaune a tsakiyar wannan yanki, su sa ɗalibai su zauna da dattawan garuruwansu su rubuta farashin kaya da sunayen tufafi da lafuzzan kotu da na ciniki na shekarun 1960 da 1970 tun masu sanin suna raye, domin da irin wannan taska ne kaɗai za a iya yin ƙiyasin nan bisa ilimi. Ina kuma roƙon malamai su gwada ma'aunin a kan Uwar Gulma da Tabarmar Kunya da sauran wasannin wancan ƙarni, su ga inda ya tsaya da inda yake bukatar gyara.